Injin Badamasi da Ya Ƙi Mutuwa

Badamasi manomi ne, kamar kusan kowa a ƙauyensu da ke bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure. Da damina ya yi shinkafa, da rani ya yi tumatir da albasa, shekarar da ya ga dama ya gwada alkama. Gidansu gidan malamai ne. Da mahaifinsu ya rasu, makarantar allo da Islamiyyar da ke jikin gidan suka koma hannun yayansa, Malam Iliyasu. Shi ma Badamasi ya sauke Alƙur'ani kamar kowane ɗa a gidan, amma tun yana yaro an gane ba a kan buzu zai ƙare ba. Idan aka neme shi aka rasa, to a duba inda inji ke ƙara.

Yana saurayi ya yi wasu shekaru a Kura, a wajen wani dattijo mai injin casar shinkafa, ana ce da shi Hammadu. A nan ya koyi riƙe sifana, ya koyi sauraron inji har ya san kukan lafiya da kukan ciwo. Da ya dawo gida ya yi aure ya kama gona, sai ya zamana duk wanda injin ban-ruwansa ya ƙi tashi, ƙofar gidan Badamasi zai ɗauro shi a bayan babur ya kawo. Bai taɓa kiran kansa bakanike ba, bai kuma buɗe gareji ba. Yakan karɓi injin a zaure ya shiga da shi gindin wata darbejiya a tsakar gida, kusa da inda matarsa Saude ke kafa manyan tukwanenta. Ita sana'arta shinkafa ce: ta sayi shanshera, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji a cashe, ta sayar.

Abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne jiran mota. A tsinke tumatir tun da sanyin safiya, a cika kwanduna, a jera su a bakin hanya, sai kuma a zauna ana kallon titi. Direban da ya ce zai zo da hantsi sai azahar, ya zo kuma motarsa cike da kayan wani. Kafin a isa kasuwar Kwanar Gafan manyan motocin kudu sun gama lodi, tumatir ya fara sakin ruwa ta gindin kwando. Saude ma haka take fama duk ranar kai shinkafa inji.

Ya ba arba'in baya lokacin da ya je ɗaurin aure Kumbotso, ya ga wata tsohuwar mota doguwa mai faɗin baya a ƙofar wani gida. Tayoyinta sun sace, kaji sun mayar da kujerar baya wurin kwanciya. Mai ita ya ce man dizal take sha, jikinta garau ne, amma injinta mai turbo ne, kuma ya gaji da kai ta wajen kanikawa suna dawo masa da ita yadda ya kai. Badamasi ya buɗe gabanta ya daɗe yana kallo, har abokan tafiyarsa suka gaji suka shige walima. Sati bai zagayo ba ya sayar da ɗan bijimin da yake kiwo, aka ɗauro motar da igiya a bayan a-kori-kura aka jawo ta gida. Sai da ya fasa katangar baya ya sa ƙyauren kwano sannan ta samu shiga. Aka tura ta gindin darbejiya, jikin katangar da ta raba su da Islamiyya.

Malam Iliyasu ya leƙo ya kalli motar, ya kalli ƙanensa, ya yi masa fatan alheri a taƙaice ya koma wajen ɗalibansa. Saude kuwa cewa ta yi in dai za ta kai mata shinkafa inji, to ko da jaki za a riƙa jan ta ba ta da ta cewa.

Abin da ya ɗauke wa Badamasi hankali shi ne turbon nan, wani dunƙulen ƙarfe mai siffar katantanwa da ke maƙale a gefen injin. Ya kwance shi ya zauna da shi a kan tabarma yana jujjuyawa. A ciki akwai 'yan fankoki biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da injin ya fitar shi ke kaɗa ta farko, ita kuma ta kaɗa 'yar'uwarta, wadda ke ɗura wa injin iska da ƙarfi. Iska ta yawaita, mai ya ƙone da kyau, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ya kira Saude ya nuna mata, ya ce wannan zugazugin maƙeri ne, sai dai a nan wutar ce ke zuga kanta. Abin ya burge shi ƙwarai, yadda aka ɗauki hayaƙin da kowa ke zubarwa aka sa shi aiki.

Ya wanke bututu, ya canja tiyo da suka tsage, ya kai nozul aka gyara, ya sayo batir na hannu. Ranar da ta tashi, sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Da ya taka totur sai turbon ya yi wani siririn fito, kuma da wannan fiton aka san ta. Tun tana nesa a kan hanyar kanal manoma kan ɗago kai su ce ga Badamasi nan. Ya cire kujerun baya, ya ƙara mata ƙarfin sifirin, ya sa kariyar ɗora kaya a sama. Ranin nan tumatirinsa bai kwana a bakin hanya ba, haka na maƙwabtan gonarsa.

Da ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma a Kwanar Gafan, inda direbobi ke zaman jiran lodi, ya ji ana hirar cewa akwai wata 'yar sanda a jikin turbo, in aka rage mata tsawo iskar za ta ƙaru. Ya dawo gida ya rage. Motar ta ƙara kuzari. Ya sake ragewa, sannan ya murɗa notin da ke ƙara wa injin mai. Sai ga tsohuwar mota cike da kwanduna tana wuce bas-bas a titin Zariya, mutanen ciki suna leƙowa. Badamasi mutum ne mai sanyin hali, ba ya son a san yana wuri, amma wannan abu ya shiga ransa. Ya riƙa jin daɗin a ce motarsa ce ta riga kowa.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa. Baƙin mai ya riƙa raguwa, sai ya cike da irin na kwalba da ake sayarwa a bakin titi, wanda yake zuba wa injin ban-ruwa. Hayaƙinta ya koma shuɗi-shuɗi. Fiton ma ya sauya, ya ɗan yi kaushi. Kunnensa ya ji, amma ya ce wa kansa bari kakar tumatir ta wuce tukuna.

Wata Asabar da hantsi, yara na tsaka da karatu a bayan katanga, ya ɗora motar a kan bulo ya cire tayoyin gaba zai duba birki. Ya kuma zare matatar iska da bututunta don ya kakkaɓe ɓuntun shinkafar da ya toshe ta. Kafin ya mayar, sai ya ce bari ya tayar da injin ya saurari kaushin nan da kyau. Ta tashi lafiya. Ya ɗan taka totur ya saki.

Injin bai sauka ba. Ƙararsa ta ci gaba da hawa da kanta, kamar wani ya danne totur da dutse. Badamasi ya murɗa mukulli ya kashe, bai mutu ba. Ya zare mukullin gaba ɗaya, ga shi a hannunsa, injin kuwa sai ƙara haukacewa yake. Farin hayaƙi ya turnuƙe gidan har ba a ganin darbejiya. Awaki suka tsinke igiya, yaran Islamiyya suka watse suna salati. Da tayoyinta na ƙasa da ya sa babbar giya ya danne birki ya shaƙe ta, to ga ta a kan bulo. Motar sai rawa take yi, bulon na neman zamewa.

Cikin wannan ruɗani ya tuna wani labari da Hammadu ya taɓa ba shi, na wani injin casa da ya riƙa shan baƙin man cikinsa yana gudu har ya tarwatse, ƙarfe ya fasa rufin kwano. Dattijon ya ce irin wannan ba ya jin mukulli, sai dai a toshe masa numfashi, kuma kada a kuskura a sa tafin hannu. Badamasi ya cire hularsa ya danna a bakin turbon. Injin ya zuƙe ta ɗungurungum, ya yi tari sau ɗaya, ya ci gaba.

Ya waiwaya yana neman abu mai faɗi, sai ya ga Saude a bayansa. Ba ta gudu ba. Ta rufe hanci da gefen mayafi tana tambayarsa da hannu me zai yi amfani.

"Murfi, Saude! Na ƙarfe!"

Ta fizgo murfin tukunyar miya daga kan murhu, da zafinsa, ta miƙa masa. Ya kifa shi a bakin turbon. Iskar ta kama murfin ta manne shi har ya lotsa. Injin ya yi gurnani, ya jijjiga, ya yi shiru.

Suka tsaya suna kallon juna cikin hayaƙi. Badamasi ya zauna a ƙasa. Sai a lokacin ya ga yatsun Saude sun tashi saboda zafin murfin, ita kuwa ko lura ba ta yi ba.

Kafin hayaƙin ya washe mutane sun cika bakin ƙyaure. Malam Iliyasu ya ratso su ya shigo. Ya fara tambaya ko wani ya ji ciwo, aka ce a'a, ya yi hamdala. Ya ga ƙanensa zaune a ƙasa, kai ba hula, fuska duk baƙin mai, jama'a na kallo. Ya cire tasa hular ya ɗora masa, ya juya ya sallami mutane. Da suka rage su biyu ya ce, "Badamasi, 'ya'yan mutane ne a bayan katangar nan. Amana aka ba ni. Wannan motar ba za ta sake tashi a nan ba."

Badamasi ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Na yi kuskure."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa nauyi. A majalisa in ya zo wucewa sai wani ya dafe hularsa, a kwashe da dariya. Wasu na tambayarsa ko yau motar ta karya kumallo. Yakan yi murmushi ya wuce, amma abin da ke hana shi sukuni ba dariyar ba ce, tunanin da injin ya fashe ƙarfe ya tsallaka katanga ne. Ya lulluɓe motar da tamfol, bai ko kalli inda take. Da masu sayen tsohon ƙarfe suka ji labari suka zo, ya kusa sallamawa.

Saude ce ta hana. Tana juya shinkafa a kan shanya, ba ta ko ɗago ba, ta ce masa tun da ta san shi ba ta taɓa ganin ya mayar wa wani injinsa a mace ba, ba ta ga dalilin da zai fara da nasa ba. Sannan ta ce, "Baban Muhsina, motar nan ba ta yi maka komai ba sai abin da ka sa ta. Ka je ka tambayi waɗanda suka sani mana."

Muhsina 'yarsu ce ta fari, kuma duk lokacin da Saude ta kira shi da sunanta, ya san maganar ba ta wasa ba ce.

Bayan kwana biyu Malam Iliyasu ya aiko a kira shi. Badamasi ya tafi yana tsammanin ƙarin faɗa. Sai yayan ya kai shi wani kango a ƙarshen gari, inda mahaifinsu ya taɓa ɗaure shanun huɗa, babu gida kusa sai gonaki. Ya ce wurin nasu ne su biyu, ba abin da ake yi da shi, in ya ga dama ya kafa rumfa ya kai ƙarafunansa can. Bai ce ya gyara motar ba, bai kuma ce kada ya gyara ba.

Badamasi ya kwance turbon ya sa a buhu ya shiga Kano. A Ƙofar Ruwa aka yi masa kwatancen wani matashi, Zaharaddini, wanda ya yi makarantar koyon sana'a kuma ba abin da yake gyarawa sai turbo. Sa'an ɗan cikinsa ne. Da farko Badamasi ya ji nauyin ba da labarin, amma ya daure ya faɗi komai, har da hular. Zaharaddini ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba shi kujera ya buɗe turbon a gabansa. Fankar gaba ta kakkarye, zaren hula ya nannaɗe ta. Ya kama sandar tsakiya ya girgiza, tana ta lilo.

Ya bayyana masa cewa sandar nan a kan baƙin mai take shawagi, tana juyawa da gudun da ido ba ya gani. In man ba shi da kyau, ko aka kashe mota da zafinta daga doguwar tafiya, man kan ƙone a ciki ya ci ƙarfen. Da ta sami lilo sai mai ya riƙa tsiyaya cikin bututun iska, injin dizal kuwa duk abin da ya samu mai maiƙo sha zai yi. Ya ce ƙara wa turbo ƙarfi ba laifi ba ne, amma ba a yi da ka. Sai an sa ɗan agogo mai nuna ƙarfin iskar, sai an sama wa iskar abin sanyaya ta domin matsa ta na sa ta zafi, sai kuma an san inda za a tsaya.

"Baba, injin ban-ruwa yana yafe ganganci," in ji shi. "Wannan ba ya yafewa."

Badamasi ya wuni a shagon yana tambaya, yaron na nuna masa hotuna a waya. Ya dawo gida da yamma da wani nishaɗi da ya daɗe bai ji ba, irin na lokacin da yake gaban Hammadu.

Daminar nan kaf a kan motar ta ƙare. In ya dawo daga dashen shinkafa ya yi wanka, sai ya nufi kango. Ya sauke kan injin, ya tarar Allah ya taƙaita, fistin ɗaya ne ya ci wuta. Ya canja shi da zobbansa. Ya wanke duk wata hanyar mai da kananzir har sai da ta fito fes. Ya samo wani ƙaramin lagireto na sanyaya iska daga jikin wata bas da ta yi hatsari, ya yanka gaban motar ya zaunar da shi, wani mai walda a Bunkure ya ƙera masa maƙalai. Wannan aikin sai da ya yi shi sau uku, domin duk lokacin da ya gwada sai tiyo ya fice da ƙara kamar an fasa leda. Bakin shan iskar kuma ya ɗago shi sama da bututu, ya sa masa raga, don ya san hanyoyinsu da ɓuntu da ƙaiƙayi. Ɗan agogon ya ɗaure shi a gefen sitiyari inda idonsa zai riƙa kai wa. In ya kakare sai ya kira Zaharaddini a waya, wani lokaci ya kara wayar a jikin injin don yaron ya ji da kunnensa.

Ranar gwaji ya tanadi wani faffaɗan katako na toshe bakin iska ya ajiye kusa da hannunsa, ya kuma tabbatar tayoyi huɗu na ƙasa. Ya yi bisimilla ya tayar. Ta tashi, ta zauna a silo tana bugawa daidai. Ya taka, allurar agogon ta hau ta tsaya inda aka ce, ya saki, ƙarar ta sauko. Ya kashe, ta mutu. Ya sake tayarwa ya sake kashewa, don kawai ya ji daɗin yadda take bin umarni.

Yau motar ba ta gudun da ta yi a da, amma tana hawa gangaren kanal da cikakken lodi ba tare da ta yi nishi ba. Badamasi ya zama mutum mai ƙa'ida a kanta har ana yi masa tsiya. Ba ya zuba mata mai sai na galan mai hatimi. Da safe sai ta ɗumama yake motsa ta, in ya dawo daga tafiya kuma sai ya bar ta a silo ta huce, ko da ana kiransa cin abinci. Duk Juma'a bayan ya dawo daga masallaci yakan zare bututun iska ya zura yatsa ya duba ko akwai maiƙo. Samarin da ke da irin motar sun fara kawo masa tasu kango. Mai son a ƙara masa ƙarfi, yakan ce ya fara sayo agogo. Wanda ya ƙi, ya ba shi labarin hularsa da bakinsa.

Bayan an kwashe tumatir na bana, suna hira da Saude sai ta ce ita fa tun da aka haife ta take wanki da ruwan kanal, da shi take jiƙa shinkafa, amma ba ta taɓa ganin inda yake fitowa ba. Shi ma Badamasi sau ɗaya ya taɓa zuwa wurin, yana yaro. Ya mayar da kujerun baya, ya wanke motar ciki da waje. Da Malam Iliyasu ya ji za su Tiga ganin dam, ya ce ranar Alhamis ba karatu, in akwai wuri zai bi su. Shi ne karo na farko da ya shiga motar.

Suka kama hanya da hantsi, Malam a gaba, Saude a baya da kwanon dambu a cinya. Malam ya yi addu'ar hawa abin hawa, ya riƙe hannun ƙofa gam, sai da suka yi nisa ya saki. Can ya nuna ɗan agogon ya tambayi aikinsa, Badamasi ya yi ta bayani, yayan na gyaɗa kai kamar ana biya masa karatu.

Da suka hau kan tudu ruwan ya bayyana, shimfiɗe har inda ido ya gaza, da 'yan jiragen masunta can tsakiya. Saude ta fito ta tsaya, iska na kaɗa mayafinta. Ta bi ruwan da kallo. Sannan ta tambaya ko duk wannan ne ke biyo ɗan kanal ɗin bayan gonarsu, Malam ya ce shi ne, da ikon Allah. Ta ce lallai sai an kawo Muhsina da 'ya'yanta su gani. Suka sami inuwa suka shimfiɗa tabarma, Badamasi ya gangara bakin ruwa ya ɗebo a buta don alwalar azahar.